Kunun da Ya Tsaya da Ƙafarsa

Aikina a Amurka wankin duro ne. Shekara tara na yi ina yinsa a wani fili a Beltsville, bayan layin dogo. Ban yi boko ba. Wannan rubutun ma a ajin yaƙi da jahilci na koye shi a Kaduna, ina da gemu. Amma in maganar duro ce, ban ga wanda zai koya mini ba.

Tun a gida na san shi. Shekarar da fari ya cinye mana dabbobi na bar ƙauyenmu a ƙasar Kano, na shiga Kaduna da sanda da garwa biyu ina sayar da ruwa. Garwa goma sha ɗaya ke cika duro. Wannan ba a takarda na karanta ba, kafaɗata ce ta gaya mini. Daga garwa na koma kuku a gidan wani ma'aikaci. Aka turo shi Washington, ya taho da ni. Da wa'adinsa ya cika ya koma, ni na zauna. Na kwana a mota, na wanke kwanuka, na kwashe dusar ƙanƙara a ƙofar mutane. Ban mutu ba. Daga baya na samu aikin duro.

A filin namu iri huɗu suka fi yawa. Akwai babba, na galan hamsin da biyar. Shi ne dai duron da na sani a gida, wanda ake ce wa na galan arba'in da huɗu, don galan ɗin Amurka ya fi namu ƙanƙanta. Akwai na talatin, garwa shida ke nan da ɗan ɗigo. Akwai na sha biyar, garwa uku. Sai bokitin galan biyar, wanda shi garwa ce kawai da aka yi wa gyara. Ni har yau da garwa nake lissafi. In Bature ya ce galan, sai na mayar da shi garwa a zuci kafin in amsa. Wasu na ƙarfe ne, wasu na shuɗiyar roba. Wasu ɗan rami biyu ne a kansu, wasu murfin gaba ɗaya ke tashi, a ɗaure shi da zoben ƙarfe. In na ƙwanƙwasa duro na san inda abin cikinsa ya tsaya. In na shinshina na san abin da ya taɓa ɗauka, ko man girki, ko ruwan sukari, ko sabulu, ko guba. Na guba ba ya tuba. Ko sau goma ka wanke shi, na guba ne.

Saboda wannan mutanenmu na yankin suka san ni. Mai son aika kaya gida wurina yake zuwa in zaɓa masa. Babba da yaro, Kawu suke ce mini.

Akwai wata nas a Lanham, mutuniyar Filato. Kowa Sista yake ce mata. Mijinta ya rasu tun yara na ƙanana, ita ta riƙe su da aikin asibiti. Ita Kirista ce, ni Musulmi. Lokacin da sanyi ya kama mini haƙarƙari ita ta sa ni a mota ta kai ni asibiti, ta tsaya a kaina har na tashi. Tun daga nan in ta kira, zuwa nake.

Wata shekara, tsakiyar shekarun tamanin, aka sa bikin babbar 'yarta a watan Janairu. Angon ɗan kudancin Kaduna ne. Gwaggonsa ce ta raine shi, aka ɗauko ta takanas daga gida don bikin. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, mai ido kamar na shaho. Ranar da ta zo gaisuwa gidan Sista aka kawo mata lemon gwangwani a faranti. Ta ɗaga gwangwanin ta juya shi, ta ajiye ba ta buɗe ba.

"Ashe gaskiya ne," in ji ta. "An ce a Amurka ko biki ake yi gwangwani ake miƙa wa baƙo, kamar a tashar mota. Allah sarki. 'Ya'yanmu sun yi nisa."

Da murmushi ta faɗa. Sista ma da murmushi ta raka ta ƙofa. Amma ƙofa na rufuwa ta ɗauki waya ta kira ni.

Na same ta a kicin tare da maƙwabcinta, wani Badamagare mai aiki a sashen Hausa na gidan rediyo. Ni Bakano, shi Badamagare, ba ma haɗuwa mu rabu ba mu taɓa juna ba. Ya riga ya zauna da biro da takarda.

"Kawu, kunun zaƙi nake so ranar biki," in ji Sista. "Ba na ɗanɗano ba. Kowa ya sha ya ƙoshi, mata su tafi da guzuri. Matar nan ba za ta koma gida ta ce na aurar da 'yata da gwangwani ba."

"Mutum nawa?"

"Ɗari uku."

"Masu sha ne ko masu kurɓa?"

"Mutanenmu ne."

"To masu sha ne."

Badamagare ya gyara tabarau. Su a ƙasarsu tano suke ce wa duro, kuma da lita suke awo. "Tano guda lita ɗari biyu ne da 'yan kai," in ji shi. "In muka ba kowa rabin lita..."

"Rabin lita? Magani za ka ba su?"

"Bakano, bar masu ilimi su yi aiki."

"Ci gaba da rubutu. In ka iso ka same ni."

Ni na san garwa guda tana shayar da mutum ashirin in har za su ƙara. Mutum ɗari uku garwa sha biyar ke nan. A ɗora biyu don guzuri, sha bakwai. Na ce babban duro guda, sha ɗaya, da na talatin guda, shida. Sista ta ce na talatin ya yi wa mata nauyi, a ba ta ƙanana da mata biyu za su iya kinkima su zaga da su cikin baƙi. Na ce to, babba guda da na sha biyar guda biyu. Duk ɗaya ne, sha bakwai. Badamagare ya yi kwatan awa yana ja yana gogewa, ya zo inda na tsaya. Bai ji daɗi ba.

Gero ne matsala. A Amurka gero abincin tsuntsu ne. Na san wani shago kusa da filinmu inda manoma ke sayen abincin dabbobi, na kai Sista. Muka ce buhu biyu. Mai shagon ya dube mu ya tambaya tsuntsaye nawa gare mu.

"Ɗari uku," in ji Sista da Turanci. Sai ta juyo gare ni da Hausa. "Har da wata tsohuwar shamuwa daga gida."

Geron bai kai namu ba. Ƙwayarsa fara ce, ba ta da ƙamshi sosai. Amma gero ne.

Asabar ne bikin. Matan zumunta na cocinsu ne za su yi aikin, kuma yawancinsu nas ne. Ba ranar da duk suke hutu tare sai Laraba. A gida kunun Laraba ba ya ganin Asabar, tun Alhamis ya yi tsamin da zai sa mutum rawa. Kuma ba firjin da zai ɗauki garwa sha bakwai. Ni na kawo shawara. Na ce waje firji ne, kuma kyauta. Makon nan sanyin mai hankali ne, irin wanda ke riƙe abinci bai ɓaci ba, ruwa kuma bai daskare ba. Na ce a ajiye a bayan gida a rufe da tamfol. Kowa ya ce Kawu ya kawo dabara.

Na zaɓi duro uku na shuɗiyar roba masu murfi da zobe, duk ruwan sukari suka taɓa ɗauka. Maigidana na wurin aiki ya ara mini su tare da a-kori-kurar fili. Na wanke su da ruwan zafi sau uku.

Litinin aka jiƙa gero. Talata aka markaɗa da dankali da citta da kanumfari, injin markaɗen kicin uku suka ƙone a kan aikin. Aka dama rabin ƙullun da tafasasshen ruwa, aka haɗa da ɗanyen, ya kwana. Laraba da rana na kawo duron, na tarar da mata takwas suna tacewa. Gidan ya cika da ƙamshin citta da waƙoƙin coci. Shugabarsu wata doguwar mata ce da suke kira Maman Zumunta, ita ke ɗanɗana sukari. Na jera duron a kan simintin bayan gida.

"Ku saurare ni," na ce. "Kada ku cika har baki. Kowane ku bar masa taƙi guda." Na ware yatsu na nuna musu. "Duro yana son wurin numfashi. In abu ya daskare kumbura yake yi."

"Mun ji, Kawu," suka ce. Ba wadda ta ɗago kai.

Dole in mayar da mota kafin a rufe fili. Na tafi.

Alhamis da yamma sanyi ya sauko. Ba irin wanda muka saba ba. Juma'a da safe tiyon da nake wanki da shi ya zama sanda, na ɗaga shi ya miƙe sambal. Gashin hancina ya daskare. Maigida ya ce kowa ya tafi gida. Na tuna da kunu, amma na ce an bar taƙi, ba abin da zai faru. Duk da haka na buga waya. Sista na asibiti tana haɗa aiki biyu don ta samu hutun biki. Amarya ce ta ɗauka. Na tambaye ta da Hausa, ta amsa da Turanci cewa komai lafiya. Daga baya na ji ta taga ta leƙa, ta ga tamfol na nan inda yake.

Asabar ƙarfe takwas na iso da a-kori-kura da katako biyu masu kauri. Sha biyu za a ɗaura aure a coci, ƙarfe biyu liyafa a babban zauren da ke ƙarƙashin cocin. Badamagare na jirana, ya sa babbar riga a kan rigunan sanyi biyu, ya zama kamar rumbu. Muka zaga baya. Na ja tamfol, ya tashi a sandare kamar kwano.

Ƙaramin duro ɗaya ya tsage daga baki har gindi. Ɗayan ya tunkuɗe murfinsa, kunun ya taso sama ya yi tozo. Babban kuwa murfinsa ya kumbura kamar cikin wanda ya ci tuwon sallah. Na buga ƙaramin da ƙafa. Dutse.

Sista ta fito da zani da kwat, rabin kanta a kitse. Ta duba. Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a kan matakala cikin sanyin nan.

"Shi ke nan," ta ce. "Gwaggo ta samu na kaiwa gida."

"Wa ya cika su har baki?"

"Kunu ya ragu bokiti biyu, Kawu. Mu zubar? Kuma Maman Zumunta ta ce ba a kai duro da rami gidan biki. In aka buɗe a gaban surukai aka ga bai cika ba, rowa za a ce."

"Kasuwa ce nan da za ku yi wa mudu tozo?"

Ta ɗago ta dube ni. "Wa ya ce a dama garwa sha bakwai?"

"Ni."

"Wa ya kawo duron garwa sha bakwai cif-cif, sannan ya ce a bar taƙi?"

Gaskiyarta ce. Lissafin mai sayar da ruwa na yi. A Kaduna in ba ka cika duro har ya tumbatsa ba, matar gida ba ta sallamarka. Da wannan awon na ƙirga, na manta da taƙin da ni da bakina zan ce a bari. Da na kawo ƙarin bokiti biyu, da ba a yi haka ba.

Haushina sai na juye shi a kan Badamagare. "Kai kuma, kullum kana rediyo kana ba duniya labari. Ba ka san sanyi na zuwa ƙofar gidanka ba?"

"Mu sanyin Mosko muke kawowa," in ji shi. "Na Lanham ba ya cikin labaran duniya."

Sista ba ta yi dariya ba.

Na je wurin babban. Na ƙwanƙwasa gefe, tauri. Na rungume shi na girgiza, na kara kunne. Can ciki na ji ƙulu-ƙulu.

"Wannan da ransa," na ce.

"Kada ka rarrashe ni, Kawu."

"Ban iya rarrashi ba. Sanyi daga waje yake ci yana shiga ciki. Ƙananan ya cinye su har zuci. Babban kwana biyu ba su ishe shi ba. Ɓawo kawai ya yi."

Sannan na duba ƙarƙashin wanda ya tsage. Siminti a bushe. Ko ɗigo babu.

"Sista, zo ki gani. Duro ne ya mutu, ba kunu ba. Daskararren abu ba ya zuba."

Na ɗauko wuƙa a mota na bi tsagar, na ɓare robar kamar ana ɓare dafaffen rogo. Na janye ta gefe. Kunu ya tsaya shi kaɗai a kan siminti, dogo har ƙuguna, da shatar duro a jikinsa. Ƙasansa mai duhu inda kauri ya kwanta, samansa fari-fari. Mu uku muka tsaya muna kallonsa. Badamagare ya tattara babbar riga, ya rusuna, ya dunƙule hannu.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa kunun. "An kwana lafiya? Ya sanyi?"

Nan Sista ta fashe. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, hawaye na zuba, tana cewa, "Wayyo Yesu, kunu ya zama mutum." Da ta lafa ta share ido ta ce, "Zai yiwu kafin ƙarfe biyu?"

"Ban sani ba. Je ki ƙarasa kitso. Ki turo mini maza biyu da zanin gado mai tsabta."

Muka naɗe kunun a zanin gado, ni da Badamagare muka ɗauke shi kai da ƙafa muka kwantar a mota. Ɗaya ƙaramin aka ɗora shi da duronsa. Babban ne aiki. Cikakken duro nauyin ƙatti uku ne, kuma gindinsa ya manne da siminti. Na fara sassauta zoben a hankali. Murfin ya yi tsalle da ƙara, Badamagare ya tsinci kansa a bakin shinge.

"Jarumin Damagaram," na ce.

"Na je duba shingen ne."

Na sare ƙanƙarar da ta taso, na mayar da murfi na ɗaure. Aka kawo butar ruwan zafi na zagaya gindin har ya saki. Ba a ɗaga duro, kuma ba a jan sa. Karkata shi ake yi a kan gefen gindinsa a murza, ya yi ta tafiya da kansa. Mazan cocin biyu suka zo da kwat da takalma masu santsi. Na sa su turi daga ƙasa, ni na riƙe sama, muka hau da shi kan katako. Sau biyu ya so dawowa. Bai dawo ba.

Ƙarfe goma muna kicin ɗin coci. Murhu mai kai shida ne a wurin. Matan zumunta sun zo cikin anko, suka ga abin da ke cikin zanin gado, aka yi ta salati da shewa. Maman Zumunta ba ta ce komai a kan cikawa ba, ni ma ban ce ba. Wata ta kawo taɓaryar da ta taho da ita tun daga gida. Na fasa ɓawon babban duro da ita, kauri ya kai faɗin tafin hannu. Ga kunu a tsakiya, ruwa-ruwa.

Wata ta yi sauri ta ɗebo a ludayi ta kurɓa. Ta yi tari har ɗankwalinta ya faɗi.

"Wuta! Zuma da wuta!"

Maman Zumunta ta ɗanɗana, ta ɗauki ɓallin ƙanƙarar ta lasa. "Ƙanƙara ta kwashe ruwan," in ji ta. "Ta bar sukari da citta a tsakiya. Sai an narka duka an haɗe."

"A zuba a tukunya a hura wuta," na ce.

"Kawu, kai duro ka sani, ba kunu ba. In mai kaurin nan ya ji wuta koko zai zama. Farar ƙanƙarar za a ɗora a wuta, ita ruwa ce. In ta yi ɗumi a zuba a kan mai duhun ya narke da kansa."

Na bi umarni. Na yi ta sara da gatarin da aka wanke, fari gefe guda, mai duhu gefe guda. Mata na lodawa a tukwane. Sai ga wata matsala. Babban duro garwa sha ɗaya yake ɗauka, ƙarami ɗaya ya mutu, ɗayan bakinsa ya buɗe ba ya riƙe murfi. Garwa shida ba su da gida. Makullin fili na hannuna saboda mota. Na tafi Beltsville na ɗauko na talatin mai tsabta, na dawo na ɗauraye shi da ruwan zafi. Kafin nan an shiga coci. Muna jin waƙa a saman kanmu.

Ƙarfe ɗaya saura kaɗan, rabin ƙanƙara bai narke ba. Maman Zumunta ta dubi agogo ta dubi Badamagare.

"Malam, kai ne mai bakin rediyo. Hau sama ka raɗa wa Fasto ya ja wa'azi."

"Ni Musulmi in je in ce wa Fasto ya ƙara wa'azi?"

"Shi ya sa zai yarda."

Ya hau. Ya dawo yana haki. "Ya ce shekara goma sha wani abu yana aiki, yau ne aka fara roƙonsa ya tsawaita. Har ya so rungume ni."

Fasto ya cika alkawari. An ce daga auren Adamu ya faro, bai tsallake kowa ba. Mu a ƙasa muna narkawa muna zubawa. Ni aikina juyi. Na tsaya a kan bokiti da doguwar muciya ina gauraya babban duro, a ɗebi daga wannan a zuba a wancan, a ɗebi daga wancan a mayar, har ɗanɗanonsu ya zama ɗaya. Maman Zumunta na bi da cokali. Sau huɗu ta girgiza kai. A na biyar ta sake kurɓa.

"Ya dawo," ta ce.

Uku saura kwata jama'a suka fara saukowa, kowa ya yi laushi da wa'azi, maƙogwaro a bushe. Mun murza duro biyun zuwa bakin zaure, an ɗaura musu atamfa. 'Yan guntayen ƙanƙara na yawo a sama. Na bar wa kowane taƙinsa. Abin da ya ragu yana cikin bokiti a bayan labule.

Gwaggo ba ta nemi kujera ba. Kai tsaye ta taho da sandarta, Sista na biye da ita cikin leshi da gwaggwaro, fuska ba jini. Tsohuwar ta tsaya gaban babban duro. Da kaɗan ta fi shi tsawo.

"Wannan duka mene ne?"

"Kunu ne, Gwaggo," in ji Sista.

"Wancan fa?"

"Shi ma."

Ta yi ɗage ta leƙa. Ta dube ni. "Malam, juya shi. Kada a ba ni ruwan sama."

Na juya har ƙasa, na cika kofi na miƙa mata hannu biyu. Ta shinshina. Ta kurɓa ta riƙe a baki. Mata takwas a bayana suka zuba mata ido. Ta haɗiye. Wani guntun ƙanƙara ya shiga bakinta, muka ji ta tauna shi ƙurus.

"Geron nan ba namu ba ne."

"Ba namu ba ne, Gwaggo."

"Na ji." Ta sake kurɓa, wannan karon mai tsawo. "Wa ya dama?"

"Ni da 'yan'uwana."

Ta shanye, ta kife kofin ta ga ba saura, ta miƙo mini. "Ƙara." Sannan ta juya ga Sista. "'Yata, wadda ta koya miki ba ta cuce ki ba. Yaron nan ba zai sha wahala a gidanku ba."

Sista ta durƙusa. Tsohuwar ta ɗago ta da hannu ɗaya, ta ce kada ta ɓata leshi.

Daga nan Gwaggo ta sa aka kawo mata kujera gefen duro. Ta karɓe ludayin daga hannuna ta ce maza ba su iya rabo ba. Ita ta shayar da mutum ɗari uku. Duk wanda ya zo sai ta ce masa, "Sha, na surukata ne." Wanda ya nufi teburin lemo ta kira shi da sanda ta tambaye shi ɗan wane ne. Badamagare ya zo karo na uku ta ce ya je ya huta.

Wajen ƙarfe biyar aka juye bokitan bayan labule. Mata suka fara fito da jarkoki daga ƙarƙashin tebur. Kowa ta samu. Gwaggo ta cika nata biyu tun kafin layi ya fara.

Na samu wuri kusa da ƙofa na zauna, hannuwana duk sun tsage da sanyi da gatari. Na miƙa kofi a ƙara mini.

"Kai mai duro, biyu ka sha," in ji Gwaggo. "Ina ƙirgawa."

Ta dai zuba mini rabi. Ina sha aka saki kiɗa. Sista ta tuɓe takalma ta ba wata ta riƙe mata, ta shiga fili. Shekara shida na san matar nan, kullum cikin fararen kaya da sauri. Ban taɓa sanin ta iya rawa haka ba.